Muryar Malam a Kan Faranti

Wata huɗu da kwana tara ke nan kwamfutar Malam ba ta mutu ba ko na minti ɗaya, kuma duk wanda ya san gidan ya san ba ƙarfinta ba ne, nacin Tela ne.

Tela ita ce matar Malam. Ɗinki take yi a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofa, shekara ashirin da biyu tana taka keke, har sunanta na gaskiya ya ɓace wa 'yan layi, shi kansa Malam in yana son tsokana sai ya ce da ita shugabar teloli ta duniya. Shi kuma labarin ƙasa yake koyarwa a makarantar sakandare. Mutum ne mai magana, irin wanda in ka yi kuskuren tambayarsa ko za a yi ruwa yau, to ka nemi wurin zama, don sai ya faro maka daga teku. Sau nawa abinci ya huce a gabansa yana bayani, Tela tana tsaye riƙe da cokali tana hararar sa.

Wata safiya yana zaune gaban kwamfutarsa yana shirya darasi, sai ya zame daga kan kujera. Jini ne ya hau. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi, rubutu ma ya tafi, in an ba shi biro a hannun hagu sai ya zana wasu ƙugiyoyi ya jefar da shi. Da aka dawo da shi daga asibiti bayan mako uku, kwamfutar tana nan a kan tebur a buɗe, cajarta a jiki, kamar mai jiran ya dawo daga banɗaki. Malam ya tsani na'urar da ke yin barci yana tsakiyar aiki, tun tuni ya hana ta wannan hali.

A cikinta akwai muryarsa. Darussa sittin da uku ya ɗauka da bakinsa saboda ɗaliban da rashin lafiya ko aikin gida ke hana su zuwa aji. Likitar da ke koya masa magana ta ce wannan ba ƙaramar sa'a ba ce, a riƙa kunna masa kullum yana bi, don mutum ya fi saurin kama muryar kansa a kan ta wani. Haka aka yi. Kowace safiya in Tela ta goge masa jiki ta ba shi abin kari, sai ta danna darasi na huɗu, na yadda ruwan sama ke samuwa, wanda ya fi so. Malam na cikin kwamfuta ya yi ta zuba, Malam na kan gado yana bin sa da leɓe. A wata huɗu ya kama kalma uku: rana, teku, ruwa. A kan gajimare ya maƙale. In an zo wurin sai ya ce ga, ga, ga, jijiyar wuyansa ta tashi, ya kai wa katifa duka da hannun hagu.

Wani abokin aikinsa da ya zo dubiya shi ya jefa wa Tela tsoro a zuciya. Ya duba kwamfutar ya ce Malam ya kulle ta ciki da waje saboda tambayoyin jarrabawa da yake ajiyewa. Yanzu a buɗe take, amma ranar da ta mutu, in aka sake kunna ta sai ta nemi lambar sirri, lambar kuwa tana kan Malam. Abu biyu ya faɗa mata: kar ta bari ta mutu, kuma ta kai wa mai gyara a kwafe muryar a wani wuri. Tela ta rungumi na farko da hannu biyu, na biyun ta ajiye shi a gobe. Ta san masu gyara. Ta taɓa kai waya a canza mata gilashi, aka dawo mata da ita fes, ba hoto ko ɗaya a ciki. Kuma ta lura duk na'urar da ka miƙa musu, kafin su amsa sallamarka sun danna sun kashe ta.

Don haka sai ta yi wa kwamfutar abin da ta iya, wato jinya. Ta ɗauke ta daga tebur ta ɗora a kan filo kusa da kan Malam. Ta ɗinka mata riga da ragowar yadin bargo, ta sa soso a ciki, ta rufe ƙasanta da gefunanta ruf saboda ƙura, fuskar kawai ta bari a waje. Caja ba ta fita daga jikinta dare da rana. In an ɗauke wuta, tana barin ta da haskenta duka don Malam yana son ganin taswira, sai ta ga jan gargaɗi ya fito sannan ta sure ta da gudu zuwa kantin magani na ƙarshen layi, inda suke da janareta. Yayar Malam, wadda ta tare a gidan don taya jinya, takan ce marasa lafiya biyu ne a ɗakin, kuma ƙaramar ta fi samun gata.

Alamu sun zo, Tela ta gan su, sai dai ta yi musu fassarar tela. Fankar ciki ta fara huci kamar mai asma. Ƙasan ya riƙa ɗaukar zafi har filon ya yi ɗumi. Wurin da ake shafawa da yatsa ya ɗan taso. Batir da ke yin awa huɗu ya koma biyu, ya koma ɗaya da 'yan mintuna. Ta ce gajiya ce, ta ƙara mata shimfiɗa mai laushi.

Ranar Asabar da misalin ƙarfe tara na safe, tana matse tsumman goge jiki, taransifomar unguwa ta yi wata ƙara da ta tayar da tsuntsaye daga kan wayoyi. Wuta ta ɗauke, fankar ɗaki ta tsaya. Tela ba ta damu sosai ba, ta leƙa kantin magani. Ta tarar da janaretan a kwance a ƙasa an barbaza cikinsa a kan kwali, makanikin ya tafi neman wani ƙarfe tun jiya. Mai aski, da shi ma yake da janareta, ya rufe ya tafi biki. Gidan bene masu sola sun yi tafiya, maigadi ya ce ba shi da makullin ciki. Wani da ke tsaye yana kallon hayaƙin taransifoma ya ce irin wannan ƙonewar, in an gyara a mako guda an yi sauri.

Ta dawo gida ta duba batirin. Kashi hamsin da takwas.

Yaya ba ta ce mata na faɗa miki ba, ko da yake maganar tana bakinta. Ta kwance bakin zanenta ta ciro wata takarda da ta yi laushi, lambar wani mai gyara ce da ta karɓa wurin surukinta tun wata biyu da suka wuce. Tela ta kira. Muryar dattijo ce, marar wasa. Ta fara ba shi labari tun daga ranar da Malam ya faɗi, ya katse ta ya tambayi kashi nawa ya rage, kuma awa nawa batirin ke yi. Ta faɗa masa.

"Baiwar Allah, ki saurare ni da kyau. Ko na zo ba ni da wutar da zan ba ta, ke za ki zo. A kan me take yanzu?"

"A kan filo, cikin rigarta."

"Rigarta?"

Ta yi masa bayanin rigar, har da soson. Ta ji ya ja numfashi. Ya ce ta cire ta yanzu yanzu, ta ɗora kwamfutar a kan abu mai tauri, mai sanyi, wanda iska za ta shiga ƙarƙashinsa. Ya sa ta rage hasken fuskar har sai da ƙyar take ganin rubutu, ya nuna mata inda za ta kashe intanet, ya sa ta rufe taswira da duk wasu shafuka da Malam ya bari a buɗe tun ranar da ya faɗi. Tana rufewa tana jin kamar kayansa take fitarwa daga ɗaki. Sannan ya ce kar rana ta taɓa ta, kuma duk abin da zai faru kar ta rufe murfin, don bai san yadda Malam ya saita ta ba, tana iya kulle kanta.

Abu mai tauri mai sanyi a gidan, babban farantin silba ne na baƙi. Tela ta ɗora murafun kwalba huɗu a kai, ta zaunar da kwamfutar a kansu, ta ɗaure cajar a ƙugu. Malam yana bin ta da ido. Yau ba a yi darasi ba. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna filon da babu komai a kai, ya ce, "Ruwa." Ba ƙishi yake ji ba, darasin yake nufi. Ta ce masa yanzu za ta dawo, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Haka ta fito titi, mace mai shekara arba'in da bakwai riƙe da faranti da hannu biyu, kwamfuta a buɗe a kai, tana bin inuwar katanga kamar ɓarauniya. Mutane suka yi ta kallo. Wata mai sayar da kayan miya ta tambaye ta ko sabon salon talla ne. Ba ta ji ba ma. Idonta yana kan ɗan lungun da lambar take, hamsin da ɗaya.

Tasi uku suka wuce ta. Na huɗu ya tsaya, direban ya leƙo yana dariya ya ce ita da baƙuwar tata ina za su. Da ta faɗa masa abin da ke ciki a taƙaice, dariyar ta ɗauke. Ya roƙi fasinjan gaba ya koma baya, ya zare tawul ɗinsa ya rataya a tagar gefenta saboda rana, ya ce mahaifinsa ma haka ya yi shekara biyu ba magana. Ya riƙa lallaɓa ramuka kamar mai ɗauke da mai naƙuda, na baya suna tsaki.

Arba'in da huɗu a shatale-tale. Talatin da takwas a gaban asibiti. Tela ta lura lambar ba ta sauka ɗaya bayan ɗaya yadda lambar kirki ke yi, tsalle take, ta tsaya cak a wuri guda har ka fara sakin jiki, sai ta zubar da biyar lokaci guda. Hannayenta sun sage, ba ta yarda ta ɗora farantin a cinya ba don kar ɗumin jikinta ya shiga. Ta yi duk addu'ar da ta sani, ta koma tana magana da na'urar a zuci, tana lallashi, tana tuna mata wata huɗun da ta yi tana yi mata hidima.

A kan gada suka tarar da cunkoso. Wata babbar mota ce ta lalace a tsakiya, ta tare hanya. Minti biyar ba su motsa ba. Talatin da ɗaya. Direba ya fita ya hango ya dawo, ya ce gaskiya ta sauka, in ta bi ta matakalar gefen gada ta ratsa layin masu yadi, kasuwar na'urori tana bayansa. Shi ya buɗe mata ƙofa, don ba ta da hannun buɗewa.

A kan gadar babu inuwa ko ta sisi. Ta juya wa rana baya, ta sunkuya a kan farantin, ta riƙa tafiya a karkace tana kare shi da jikinta. Takalminta ɗaya ya tsinke a matakala, ta bar shi a nan. A layin masu yadi, inda ta saba tsayawa ta taɓa wannan ta taya wancan, yau ihu take a ba ta hanya, wani mai shago da ya san ta yana kiran Tela, Tela, lafiya, ba ta waiwaya ba. Wani mai baro ya goge ta, farantin ya karkata, murfin kwalba ɗaya ya faɗi ya gangara. Ta tsaya ta duba. Fuskar tana nan da ɗan haskenta. Ashirin da huɗu.

Shagon yana hawa na biyu a wani dogon gini mai cike da masu sayar da waya. A gindin matakala ta duba, sha tara. Wani sanyi ya ratsa ta, ta ce alhamdu lillahi a fili. Sha tara ai dukiya ce, matakala ashirin da 'yan kai ne kawai. Ta fara hawa a hankali don kar ta yi tuntuɓe a ƙarshen tafiya.

A kwanar hawa na farko ta ji shiru. Wata huɗu tana kwana tana tashi da hucin fankar nan har ta daina jin sa, sai yanzu da ya tsaya. Ta duba. Gilashin ya yi baƙi, babu komai a ciki sai fuskarta, ɗankwali ya zame, baki a buɗe.

Ba ta san yadda ta ƙarasa ba. Mai gyaran, wani siririn dattijo mai tabarau a kan goshi, yana tsaye a ƙofa da caja a hannu ya riga ya jona ta a soket, yana jiranta. Ya kalli farantin, ya kalli ƙafarta marar takalmi. Ya karɓa ya jona. Kwamfutar ta kunnu, ta yi 'yan kaɗe-kaɗenta, sannan ta fito da wani ɗan farin akwati a tsakiya tana jira.

Tela ta gwada sunanta na gaskiya. Ta gwada sunan 'yarsu da ke aure a nesa, da shekarar da aka haife ta, da sunan makarantar, da lambar tsohon babur ɗin Malam. Akwatin yana girgiza kai. Dattijon ya dafa teburin ya ce ta bari haka, kar a yi ta gwadawa ta ƙara kullewa. Ta tambaye shi ko ba zai ciro abin ajiyar ya karanta a wata na'urar ba, ta ji ana yi. Ya ce da kullewar ƙofa ce kawai da ya yi, amma Malam mutum ne mai tsantseni, ya kulle har abin da ke ciki.

"Sha tara fa ta nuna mini," in ji Tela. "Da idona na gani."

"Batir in ya lalace ƙarya yake yi. Zo ki gani."

Ya kashe ta, ya kwance ƙasan, ya juyo mata da shi. Batirin ya kumbura ya yi tim kamar ƙaramin filo. Ya ce Allah ya tsare su, irin wannan yana iya kamawa da wuta, a kan katifa kuma, kusa da kan mutumin da ba ya iya tashi. Ya nuna mata ramukan da iska ke fita, waɗanda rigar ta toshe. Ya ce ba abin da ke cin batir kamar zafi. Bayan zafi sai a bar shi a cike maƙil kullum a jikin wuta, bayan wannan sai a riƙa tatse shi har ƙasa kafin a ba shi caji. Tsakiya yake so, kar ya cika kar ya ƙare, ya sha iska. Da a kan tebur ta bar ta, ko da sauran kurakuran, da yau ta kawo ta da rai.

Tela ta zauna a kan wani benci. Duk abin da ya lissafa ta yi, kuma ba da sakaci ta yi ba, da ƙauna ta yi, da allura da zare. Wannan ne ya fi ƙona mata rai.

"Ni na kashe ta ke nan," ta ce.

"Batir kika kashe, Hajiya. Muryar tana ciki, ba abin da ya taɓa ta. Ranar da ya iya faɗin lambar, ki kawo mini, a gabanki zan kwafe."

Ya sa mata sabon batir, ya yi masa caji zuwa rabi ya cire. Ya ce ta ajiye ta a kashe, a wuri mai sanyi, ba cikin kaya ba, duk wata ta duba, in ya sauka ta mayar da shi rabi. Ya rufe murfin da hannunsa. Rabon da a rufe shi tun safiyar da Malam ya faɗi. Ya ba ta wasu silifas na roba da yake alwala da su.

Sai bayan la'asar ta isa gida, faranti a hannu ɗaya, kwamfuta a hammata. Yaya ta ga murfin a rufe, ta gane, ta ja jiki ta shiga kicin. Malam yana jingine inda ta bar shi, abincin rana yana gefe bai taɓa ba. Ya kalli hammatarta. Ya nuna filon.

Ta yi niyyar ce masa tana wurin caji, ta ga shekara ashirin da biyu ba ta yi masa irin wannan ƙaryar ba. Ta durƙusa a bakin gado ta faɗa masa duka, har rigar, har sha tara. Ta tambaye shi lambar, ko da harafin farko ne. Ya buɗe baki, leɓensa ya yi ta rawa, ba abin da ya fito. Ya kai wa katifa duka sau ɗaya, marar ƙarfi, ya juya fuskarsa bango.

Tela ta daɗe a durƙushe. Tsoro ne fal cikinta, kar kalmomi ukun nan ma su bi sauran. Rigar bargon tana yashe a ƙasa, ta ture ta da ƙafa. Sannan ta tashi ta ɗauke filon, ta zauna a daidai inda kwamfutar ke zama, kusa da kunnensa. Ta gyara murya irin yadda yake yi kafin ya fara.

"To 'yan aji, a ajiye biro, a ba ni kunne. Yau za mu ga inda ruwan sama yake fitowa."

Ba ta san ta haddace ba sai da ta ji yana fitowa. Safiya ɗari da wani abu tana ji tana shara, tana ji tana ninke kaya, ashe ya zauna. Har wurin da yake tari ta sani. Ta ce rana takan bugi teku, Malam bai juyo ba, amma ta ga gefen bakinsa ya motsa. Ta ce ruwa ya ɗumama, tururi ya tashi sama. A nan ta yi sauri don ta wuce wurin da yake wahalar da shi, ta ce daga nan sai ya sauko a matsayin ruwan sama.

Hannun hagu ya damƙi tsintsiyar hannunta. Malam ya juyo, ya haɗe gira, irin kallon da yake wa ɗalibin da ya tsallake layi. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ga," ya ce. "Ga... ji... mare."

Yaya ta leƙo daga ƙofar kicin da ludayi a hannu. Tela ta goge fuska da gefen mayafi.

"Na yi kuskure, Malam. Tururi ya zama gajimare."

Bai saki hannunta ba. Ya ɗaga haɓa alamar ta koma baya, ta koma ta faro daga teku.